Kuɗin Ƙofa

Ƙofa tara gare ni a Rafukka.
Ni na kwaɓa ƙasar, ni na jera tubali,
ni na ɗora azara da wannan kafaɗar.
Yau an ce kowace ƙofa
ta ba da dubu biyu a shekara
don makarantar da iska ta yaye wa kwano
damina uku baya.

Mati mai shago ya buga lissafi a bayan kwalin sabulu.
Ya ce, "Nalado, kai za a yanka.
Ba ka da ɗa a aji.
Ɗiyanka sun watse, ɗaya Funtuwa, ɗaya Maraɗi.
Dubu goma sha takwas don 'ya'yan wasu?"

Na ce masa na ji.

Ai na san haraji.
Na ga ubana cikin rumbu
ya rufe kansa da damin gero,
dogari na ƙirga kawuna a zaure,
uwata na dakan turmi wofi
don kada a ji tarinsa.
Shi ba wanda ya tambaye shi.

Mu an tambaye mu.
Asabar bayan la'asar, filin makaranta,
tebur mai ƙafa uku, an tokare shi da dutse,
Malam Tsalha riƙe da rajistar gidaje.
Alhaji Bagudu ya zo da 'yan hayarsa,
ya riga ya faɗa musu wuyan da kuɗin zai faɗa wa.
Wani ya ce, "Gwamnati fa, ta mutu ne?"
Wata daga layin mata ta ce,
"Ina kuɗin kwalbati da muka tara bara waccan?"
Filin ya yi tsit.
Aka ce mutum uku za su sa hannu,
duk wata a karanta abin da aka kashe a ƙofar masallaci.
Ban ce na yarda duka ba.

Na zagaya bayan aji huɗu
don magini ba ya wuce bango bai duba ba.
Tsagar ta haɗiye hannuna har wuya.
A ciki allo ya koɗe,
ƙasa ta yi santsi inda yara ke zama.

Da aka miƙo tawada
sai babban yatsana ya tuna.
Shi ne ya dangwala takardar da aka ce ta taki ce,
lambu ya tafi:
albasa, rijiya, mangwaro uku da ubana ya dasa.
Gidan mai ne a wurin yanzu.
In na bi ta nan, gefe nake kallo.

Ya kuma tuna Lantana,
'yar Hurera mai ƙosai, 'yar aji biyar,
ta riƙe takardar asibitina tana tuntuɓe da baƙaƙe,
ta ce, "Baba, ɗaya safe, ɗaya dare.
Kai biyu biyu kake sha."

Na danna.
Tawadar ta shiga har ƙarƙashin farce.

Da fitilar waya aka ƙirga bayan magariba.
Ɗari biyu da sha ɗaya sun ce e,
ɗari da tamanin da bakwai sun ce a'a.
Ba wanda ya yi guɗa.
Mati bai amsa gaisuwata ba.

A gida na sake ƙirga ƙofofi.
Ta taran ɗakin awaki ne.
Zuciya ta ce, toshe ta, ka biya takwas.
Ba zan ɓoye ba, na tashi da asuba,
na kwaɓa ƙasa da ramno,
na taka ta har ta yi danƙo.

Na daɗe tsaye, awaki na kallona.

Sai na ari baron Mati ban tambaye shi ba,
na loda, na tura.
Tayarsa na kuka tun daga lungunmu
har bayan aji huɗu.